Mai Ara Wa Inuwa Murya

Shekara ashirin da ɗaya ina tsaye hagu da farin allo
a wani gidan sinima na Asakusa,
inda ƙamshin gasasshen dankali ke bin mutane har kujera.
Sunana Kurusu Tamezo.
A bakin ƙofa an rubuta shi sama da na 'yan wasa,
don su leɓe kawai suke motsawa,
ni ke zuba masa magana.

Benshi ake ce mana.
Fim ya sauka daga jirgin ruwa, gwangwani bakwai, bebe,
ba ya jin kira, bai san gaisuwa ba.
In kalle shi da hantsi, daga ni sai ɓeraye,
da dare in zama kowa:
tsohuwa mai tari, alƙali, ɓarawon agogo,
har karen da ya bi jirgin ƙasa ya gaji.
Mai shamisen na ƙasa da ni yana jiran numfashina,
in na haɗiye yawu, ya tsinke tsirkiya.

Na yi ƙarya sau ɗaya, ban kuma tuba ba.
Shekarar da ƙasa ta girgiza, birni ya ci wuta,
muka kafa rumfa a kan toka muna haskawa.
Wata mata, Otoki, layi na uku,
kullum da takalmin yaro guda a cinya.
A allo, wani saurayi ya shiga teku bai fito ba.
Rubutun ya ce ya mutu.
Ni na ce: “Ya haye, uwa, yana can tsallake yana shanya riga.”
Ba wanda ya iya karanta Jamusanci a rumfar.
Ta tashi, ta rusuna wa allon,
ba ni ba.

Sai ga wata rana an shigo da akwati.
Mutum huɗu suka ɗauko shi suna nishi,
aka ɓoye shi bayan allo kamar abin kunya.
Maigida Shimazaki ya ƙi haɗa ido da ni,
ya ce, “Zauna yau, ka huta, ka sha kallo.”
Na zauna. Ban taɓa sanin kujerun na da tauri haka ba.

Fitila ta mutu, haske ya ratsa hayaƙin taba,
ga ta nan, matar da na shekara tara ina yi wa murya,
wadda na ba ta sauti mai sanyi kamar ruwan tulu.
Ta buɗe baki.
Ashe muryarta siririya ce, ta hanci,
tana sauri kamar mai ciniki a kasuwar kifi.
Jama'a suka tafa.
Ni ma na tafa, me zan yi?
Mai abu ya karɓi abinsa,
aron riga ba ya hana a tuɓe.

Mun yi yajin aiki, mun ɗaga kwalaye,
mu masu murya, ba wanda ya ji mu.

Yanzu keke gare ni, da ƙaramin akwatin katako.
In buga sanduna biyu a bakin lungu,
yara su fito da kwabbansu, in sayar da alewa,
in zare hotunan takarda ɗaya bayan ɗaya.
Nan ma ba mai motsi, ba mai magana sai ni.
Wanda bai saya ba ya tsaya baya,
amma nakan ɗaga murya don ta kai gare shi.

Jiya wani mai majina ya ja hannun rigata,
ya ce, “Tsoho, dodon nan da gaske ya mutu?”
Na dubi takardar. Na dubi yaron.
Na ce, “Kawo kwabo gobe.”