Shuɗiyar Akuya

Ranar Laraba, bayan an gama lissafi,
sa'ad da ciki ya fara kiran ciroma,
ake ba ni minti talatin da biyar
da yara sittin da uku,
'yan aji huɗu, can bayan Ƙofar Gayan,
a ce: to Malam, koya musu zane.

Fenti tun bara yana cikin takardar koke.
Mu dai muna da gawayin murhun mai ƙosai,
da takardar siminti da muka farke muka kakkaɓe.
Zoɓo ne janmu, gangamau rawaya,
sai shunin wanki, ƙulli biyu, daga aljihuna.

Na ce kowa ya zana abin da ya gani
da safe a hanyarsa ta zuwa.
Kada a kalli allo. Babu komai a allon.

Aji ya yi tsit,
irin tsit ɗin masu ɗinkin hula a zaure,
kai a sunkuye, harshe a gefen baki.

Tasi'u ya zana rimin unguwarsu
har reshe ya fita daga takarda ya hau benci.
Na ce, ba an sare shi da rani ba?
Ya ce an sare,
amma har yau in na zo wurin sai na kewaye.

Can baya dariya ta ɓarke.
Hansatu ta ƙarar da rabin shunina
a kan akuya guda, tun daga ƙaho har kofato.
Malam, wai akwai shuɗiyar akuya?
Ni da na yi shekara uku ana koya mini launi
saura ƙiris in ce babu.
Ita ko kai ba ta ɗaga ba.
Ta ce ta Baba Ɗanjuma ce,
ta faɗa ramin marina, yau kwana huɗu,
'ya'yanta ma sai sun shinshina
kafin su yarda su kama nono.

Nafi'u bai taɓa zoɓo ba, bai taɓa shuni ba.
Layi ɗaya ya ja, dogo,
a ƙarshensa ɗigon gawayi kamar ƙwayar gero.
Na tsuguna. Mene ne wannan?
Babana ne a kan babur.
Ai ba na ganin babur ɗin.
Ya yi nisa ne, Malam.
Yau ya tafi?
Tun azumi.
Amma kullum da safe haka nake ganinsa.

Ga rajista a gabana, gida-gida,
kowane gida na jiran lamba bisa goma.
Nawa ake ba ɗigo?
Kakana magini ne, da babban yatsa
yake murɗa dagi a ɗanyen bango,
ba wanda ya taɓa ba shi maki
sai damina, ita ma sai bayan shekaru.
Ni kuwa ranar da na gwada da gawayi
a bangon ajinmu, bulala shida na samu.
Na rufe rajistar.

Aka buga ƙarfen da ke rataye a darbejiya.
Suka watse, hannu ja, hannu rawaya,
wani ya bar mini yatsu biyar a farar riga,
ban san ko na wa ba ne.

Ina tura keke ta lungun marina
sai ga ta a gindin katanga,
shuɗiya shar, tana tuƙa,
ta ɗago ta dube ni ta ci gaba da abinta.

Kwana huɗu ke nan ina bin lungun nan
safe da rana.
Yau na fara ganinta.