Kunne Ɗaya

Jirgin ƙasan asuba ya kwaso ni daga Ningbo,
da karyayyen kunnen jita a aljihu,
naɗe cikin takardar magani.
A ƙofar baje kolin Shanghai aka rataya mini kati a wuya
kamar ragon da aka gama cinikinsa.

Ciki kuwa ba a magana.
Ganguna ɗari, kowa na gwada tasa,
fiyano na tsoma baki cikin zancen ƙaho,
wani yaro mai jan gashi ya shaƙe jitar lantarki
har ta yi kukan da ban san katako na iyawa ba.
Kiɗa ya yi yawa har ya tashi daga kiɗa,
ya koma ruwan sama bisa rufin kwano.

Jitoci rataye sahu-sahu, sai ƙyalli,
ba wadda gumin hannu ya taɓa ci.
Ga wuyoyi ba gangar jiki, an ɗaure su dami-dami,
ga tsirkiya nannaɗe kamar ɗanyar taliya.
Na shinshina wani katako da ya ƙetaro teku,
ƙamshinsa ya tsaya mini a maƙoshi.
Da na ji kuɗinsa
na mayar da shi mazauninsa da hannu biyu.

A rumfar farko na kwance takardata.
Saurayi mai kwat ya leƙa, ya ce, Nawa kake so?
Na ce ɗaya.
Ya ce, Dubu ɗaya?
Na ce ɗaya tak, irin wannan mai kan ƙwai.
Ya miƙo mini kati da alawa,
ya juya wajen wani Bajamushe.
Rumfa goma sha bakwai na shiga.
Alawa goma sha ɗaya na samu.

Da wane baki zan gaya musu
jitar mijin tsohuwa Kuang ce, direban jirgin fito,
wanda ya rasu bara da ruwa ya ɗauke,
kuma ta ce in gyara,
amma kada in taɓa biyar ɗin da yatsunsa suka sani?

Can ƙurya, inda ake fitar da kwalaye,
wata mata na cin shinkafa da tsinke.
Teng Meifen, in ji katin wuyanta.
Ba ta tambaye ni adadi ba.
Ta jawo gwangwanin shayi daga ƙarƙashin tebur,
ta zazzage: noti, kusoshi, tsatsa,
guntattakin shekara talatin na masana'antar babanta.
Muka tsuguna muna tono kamar kaji.

Sai ga shi.
Haƙoransa daidai, ramin kusa daidai,
illa dai fari ne fat,
'yan'uwansa kuwa sun rine kamar haƙoran mashayin taba.
Ta ce, Jiƙa shi cikin baƙin shayi kwana uku,
zai tsufa.
Na zaro kuɗi, ta ture hannuna da bayan tsinke,
ta ce shinkafarta na hucewa.

Yanzu jirgi na ratsa gadoji cikin duhu.
Kunnuwana biyu har yanzu suna ta ƙugi,
na aljihu kaɗai ya yi shiru.
Na ɓare alawa guda, ta lemo ce,
ina lissafin ko akwai sauran shayi a shago.