Abin da Zarto Ya Ci

Ni ne Fidencio, kafintan kwaleji a Oaxaca,
shekara ashirin da shida ina bin ƙusa da guduma.
Ni na ƙera teburan ɗakin gwaje-gwaje,
dogaye, daidai mai tsayuwa da ƙafa biyu.
Ban taɓa tambaya ba: in mai zama ya zo fa?

Sai ga Donají, ranar Litinin ana yayyafi,
daga wani ƙauye can saman duwatsu
inda hanya ke ƙarewa kafin a kai gidaje.
Tana tura kekenta da hannun da ya saba ɓare masara,
yaren Zapotec a bakinta, Sifaniyanci a aljihu
kamar canjin da ba a fitarwa sai an tambaya.

Ta iso tebur. Tebur ya tsaya mata a haɓa.
Madubin ganin ƙwayoyin cuta yana can sama,
tulun da aka rataye wa mai ƙishirwa a rufin ɗaki.
Mako uku abokin zamanta ke leƙawa
yana gaya mata: "Kore ne, da ɗan zare-zare."
Ita kuwa tana rubuta abin da idon wani ya gani.

Wa ya taɓa ƙoshi da labarin tuwo?

Na je ofis. Suka ce kayan gwamnati ne,
a cike takarda, a jira kwamiti,
kwamiti zai zauna bayan hutu.
Na ce to. Na gode. Na ja ƙofa a hankali.

Daren Alhamis na kifar da teburin
kamar akuyar da za a duba wa kofato.
Tuni na auna kekenta da ido:
taƙi ɗaya da yatsa uku.
Zarto ya ci, gari ya zuba,
guntaye huɗu suka faɗi ƙasa.
Na cire katakon gaba don gwiwa ta samu shiga.

Da safe ta zo. Ba ta ce uffan ba.
Ta kafa ido. Ta daɗe,
har na fara tsoron ko na ɓata aiki.
Sai ta yi dariya: ashe ba kore ba ne,
toka-toka ne, kuma yana da rassa.
"Don Fidencio, zo ka gani."
Ni da ban wuce aji huɗu ba
na durƙusa, na rufe ido ɗaya.
Ta ce wannan ne ke cinye gonar kakarta,
kuma a can suna da sunansa tun ba a buga littafin ba.
Ta faɗe shi. Harshena ya harɗe.
Ta sake faɗa.

Takardar gargaɗi ta zo da hatimi biyu,
an zaftare mini kuɗin kwana uku.
Matata Remedios ta ce, "Tsufa ya zo maka da rigima,"
amma ta ƙara mini wake a kwano.

Abin da ban zata ba:
gajerun ɗalibai sun fara layi a teburin,
da wata mai juna biyu da tsayuwa ke galabaitarwa,
da malamin da ya ɓoye ciwon bayansa shekara da shekaru.
Ashe ɗakin cike yake da masu ɗage,
kowa ya yi shiru da nasa.

Ban ce an gama ba.
Kwamfutoci na bene na biyu,
matakala talatin da ɗaya, na ƙirga.
Zartona bai kai can ba.

Guntayen nan huɗu: ɗaya na ba ta,
tana danne takardu da shi in iska ta taso.
Ɗaya ya ɓata. Ɗaya jikana ya mayar mota.
Na ƙarshen na fere shi
na cusa ƙarƙashin ƙofar ɗakin gwaje-gwaje,
mai nauyin nan da ke komawa da kanta.
Yanzu a buɗe take wuni.
Mai shara ma ya san wurinsa,
yakan zagaye shi da tsintsiya.