Awon Tela

Ni tela ne a Garwa, bayan babbar kasuwa,
ban san doka ba, na san ƙugu da kafaɗa.
Littafin awona shi ne tarihin da na iya,
shafi na tara na Shu'aibu Bawuro ne.

Ranar da ya fara zuwa, ɗan mahauci siriri,
ya sauko daga motar Gaundare da takarda a jaka,
ya ce: Baba Nalado, baƙar riga nake so,
mai faɗin hannu, da farin ƙyalle a wuya,
kuɗinta kuwa sai na ci shari'a.
Na zagaye shi da igiya: saba'in da huɗu.
Na ce, wannan ko iska ta yi ƙararsa, ya fāɗi.

Shari'ar farko ta manoman auduga ce,
sikelin mai saye na lashe rabonsu a ɓoye.
Ya sa aka ɗauko sikelin har gaban kotu,
ya roƙi alƙali, don Allah, ya hau.
Alƙali ya hau da tumbinsa,
ya ga ya rame da kilo bakwai a tsaye.
Dariyar ranar har bakin Binuwai aka ji ta.
Manoma suka biya shi da zabbi uku,
biyu suka kwana a tukunyata.

Shekara sha ɗaya yana cikin rigar nan:
gonar marayu, komar masuntan Lagdo,
direban da aka rufe kan laifin mai mota.
Ya ci wasu, wasu suka ci shi.
Sau biyu na yi wa gwiwar hannun faci,
don ya saba jingina da tebur in zai yi tambaya.

Sai aka ce Yawunde na bukatar bakinsa.
Na ɗinka masa shadda mai aska takwas,
ya rataya ɗamarar tuta a kanta,
tamanin da takwas.
Zaɓe na biyu, casa'in da tara.
Daga nan direba ke kawo awon a takarda,
ni da ƙugun muka daina gaisawa.

Wani dare na ji shi a rediyo, ina kan keke,
yana neman doka a kan sikelin masu saye,
muryar nan dai, ba ta yi ƙiba ba.
Aka tafa, aka miƙa takardar ga kwamiti,
ta zama allura a cikin ruwa.
Wata rana kuma ya ɗaga hannu tare da jama'a
aka ƙara mana harajin rumfa.
'Yan kasuwa suka ce ya ci, ya goge baki.
Ni ban ce ba.
Igiyata ƙugu take aunawa, ba ta kai zuciya.

Zaɓe na uku, akwati ya juya masa baya.
Bayan la'asar ya zo, a bayan babur ɗin haya,
furfura ta kama gemu, leda a hammata.
Ya zazzage baƙar rigar a kan teburina,
asu ya ɗanɗana gefenta, facina na nan.
Ya ce: Baba, a buɗa mini ita,
ranar Alhamis ina da wata mai tuyar ƙosai
da aka rushe wa rumfa kan kuɗin da na sa wa hannu.

Na juya rigar, na farke ɗinkin ciki.
Tun farko na bar mata rarar yatsa huɗu,
yadda ake bar wa yaro mai tasowa.
Na auna shi: ɗari da shida.
Na ce, Lauya, rarar ba ta kai ba.
Ya daɗe yana kallon rigar,
sannan ya ce: To, ni zan ragu.

Alhamis ya shiga kotu da ita a buɗe,
maɓalli biyu sun ƙi haɗuwa.
Ban tambayi yadda shari'ar ta ƙare ba.
Na dai jawo littafi, shafi na tara,
ƙarƙashin ɗari da shida na rubuta da fensir:
a sake awo bayan azumi.