Tsinken Sakace

Daren Talata rauta ta nemi izini,
wai kamfani ya aiko da sabon gyara, in yarda.
Na yarda, na koma kan keken ɗinki.
Tana sittin da uku cikin ɗari
NEPA ta yi halinta.

Da wuta ta dawo wajen ƙarfe biyu,
idanunta huɗu da na sani kore
saura ɗaya, shi ma ja wur,
yana ƙifta mini kamar mai bin bashi.

Na zare waya daga bango, na ƙirga talatin, na mayar.
Ja.
Na cire sim, na hure shi, na goge da gefen mayafi.
Ja.
Na ɗora ta kan firji, na kai ta bakin taga,
ko sabis ɗin Gyaɗi-Gyaɗi ne ya yi yaji.
Na duba data, giga sha ɗaya, ko taɓawa ba a yi ba.
Ga ƙoshi, ga kwanan yunwa.

Hansatu na da aikin makaranta da za ta tura kafin azahar.
Hajiya Lantana ta Hotoro na jiran hoton leshinta,
ita kuwa ba ta san jira ba.

Da safe na kira Tasi'u na Fam Santa.
Ta bayansa janareto na kuka, wani na rantsuwa kan farashin caja.
"Anti, an katse ta ne tana tsakiyar hadda.
Ta saki tsohon karatu, sabon bai zauna ba.
Kifa ta. Akwai ɗan rami kamar hujin kunne.
Sa tsinke, ki danne, ki ƙirga sha biyar.
Amma fa za ta manta komai."

Komai?

"Suna, lambar sirri, duka.
Kamar yau aka sauke ta daga kwali."

Na ce zan sake kira.

Mamuda ne ya raɗa mata suna.
Yana zaune a nan, ƙafa ɗaya kan tabarma, yana dariya shi kaɗai:
KuSayiNaku,
saboda samarin layinmu da ke jingina da katangarmu bayan isha.
Lambar sirri kuwa ranar da muka fara haɗuwa a Kabuga,
ya kuskure da kwana ɗaya,
ban taɓa gyara masa ba.

Wata takwas ke nan da aka kai shi.
Wayarsa na cikin durowa, ƙarƙashin zare da almakashi.
Duk Juma'a nakan sa mata caji,
ita da kanta take gane gida, ba sai an tambaye ta ba.

Na daɗe da tsinken sakace a hannu
har shayi ya huce.
Hansatu ta tsaya a ƙofa da littafi, ba ta ce komai ba,
abin da ya fi magana nauyi.

Bismillahi. Na danna.
Ɗaya, biyu, hannuna na rawa,
wajen tara na ɓata lissafi, na ci gaba da dannewa.
Idanun suka mutu gaba ɗaya.
Sai ɗaya ya farka. Kore.
Na biyu ya yi jinkiri kamar mai neman takalmi a masallaci.
Na uku. Na huɗu.

Ta dawo da sunan baƙi, haruffa da lambobi,
sunan da ba wanda zai yi wa dariya.

"Umma, me zan rubuta?"

Na karɓi wayar.
Na rubuta abin da ya rubuta, harafi bayan harafi,
har da kuskuren kwana ɗayan.

Ba mu gama sauke numfashi ba
durowa ta yi ƙirrr.
Guruf ɗin 'yan gyaran kwalbatin layi ne,
suna tuna wa Malam Mamuda
cewa saura dubu biyu a kansa.

Na ce wa Hansatu ta tura aikinta.
Na ɗauko jaka, na fara ƙirga canji.