Bushiyar Bayan Madafa

A bayan madafarmu, nan Garwa,
inda ruwan wanke-wanke ke kwanciya har ya yi kore,
akwai wata bushiya mai zuwa bayan isha'i.
Ba ta sallama, ta san hanya.
Takan ratso ta ƙarƙashin darni,
ta tsaya gindin fasasshen tulu,
ta ɗaga hanci tana shinshinar abin da muka rage.

Da can ba ita kaɗai ba ce.
Kafin a yanka fadamar nan a sayar,
damo yakan hau katanga ya shanya cikinsa a hantsi,
kwaɗi su hana mu barci tun ruwan farko,
fakara ta wuce da 'ya'yanta a jere, ba ta ko duban mu.
Sai aka zo da igiya da turaku da jan fenti.
Kanya ta faɗi, ɗinya ta bi ta,
aka malala siminti inda zalɓe ke tsayuwa da ƙafa ɗaya.
Yanzu leda ce ke tashi a madadin tsuntsu,
baƙa wuluk, ta maƙale a wayar lantarki,
tana kaɗa fiffike, ba ta da sheƙar komawa.

Shekaranjiya an yi suna gidan Jaratu.
Shinkafa ta kwana, gari ya waye ta yi yauƙi.
Kwano biyu na ɗauka, cike har baki,
na juye a juji, na ɗauraye hannu,
ko gezau ban yi ba.

Da la'asar sai ga Barau ƙanena,
idanu sun faɗa, leɓe ya tsage.
Babbar mota yake ja,
yana kai buhuna can gaba da Abeshe,
inda mutanen Sudan suka zube da 'yan ƙunshinsu.
Ya ce buhu ɗaya ya huje wajen sauke kaya,
gero ya tsiyaye cikin rairayi,
sai ga yara sun durƙusa suna tsinta
ƙwaya,
ƙwaya.
Wata ta kwance ɗankwalinta tana tankaɗe ƙasa da shi.
Ya ce damtsenta bai kai kaurin muciyata ba.
Ya ce ba ta yi kuka ba, ba ta miƙa hannu ba,
ƙirge kawai take, leɓenta na motsi.

Na zuba masa tuwo da miyar yakuwa.
Loma uku ya yi, ya ture kwanon.
Muka zauna, tuwon a tsakaninmu yana hucewa.
Daga nan zuwa can kwana nawa ne a mota?
Tuwo ba ya jure kwana biyu,
ba ya da takardar ƙetare iyaka.

Inna, Allah ya jiƙanta, takan ce
duk ƙwayar da ka zubar ta san sunanka,
za ta tsaya maka ran da babu mai tsaya wa wani.
Muna yara muna dariya.
Daren nan na kasa tuna abin da ke ban dariya a ciki.

Can na ji ƙaraf-ƙaraf a bayan madafa.
Na haska fitila: ita ce,
ta dawo daga jujin da na ciyar,
guntun leda ya sarƙe a ƙayoyinta tana jan sa a baya.
Na durƙusa, ta dunƙule,
kamar yadda duk mai rai ke yi in ya ga hannunmu.
A hankali na zare ledar.
Ƙaya ɗaya ta soke ni a ɗan yatsa.

Yau da safe na auna gero, na mayar da rabin mudu cikin buhu.
Ba wanda zai ƙoshi a can don na yi haka, na sani.
Yatsan dai har yanzu yana zogi
duk sanda na ɗauki kwano.