Bakwai da Biyu

A Galveston, bayan shagon Ofelia,
inda firiza ke gurnani kamar tsohon kare,
ƙarnin jatan lande ya riga mu zama.
Mu biyar, fitila ɗaya.
Ruwa na dukan kwano tun hantsi,
babu jirgin da ya fita teku yau.

Wendell ya raba karta da yatsu huɗu,
na biyar igiyar koma ta cinye tun ban yi wayo ba.
Na ɗaga gefen nawa kaɗan:
bakwai baƙa, biyu ja.
Ko gaisuwa babu tsakaninsu.
Irin hannun da ake yarwa ba a waiwaya.

Sai dai haya ranar Litinin ce,
injin jirgina kuma kwanansa goma sha ɗaya a kwance.

Kawu Anselmo, tun yana da numfashi, ya ce mini:
burga ba ihu ba ce, yaro.
Labari ne, ka fara shi tun daga kuɗin farko,
kada tsakiyarsa ta ƙaryata bakinsa.
Kada ka yi wa mutum uku ƙarya lokaci guda,
ɗaya cikinsu zai yi taurin kai.
Kada ka tsorata mashayi,
ko wanda bai san ciwon dala ba.
Nemi mai hankali.
Mai hankali ne kaɗai ya iya tsoro.

Na tura ashirin.
Biyu suka zubar, Wendell ya yi tsaki ya bi su.
Saura Khoa,
wanda ya yi shekara talatin yana karanta fuskar ruwa.

Uku suka sauka a tebur: tara, huɗu, as.
Ba nawa ba ne as ɗin nan,
amma na dube shi kamar ɗan da na haifa.
Na tura arba'in. Ya biya.
Ta huɗu ta zo, goma, ba ruwanta da ni.
Na tura tamanin, hannuna bai yi rawa ba,
gwiwata ce ke kiɗa a ƙarƙashin tebur.
Ya biya, yana ɓare gyaɗa.

Ta ƙarshe, uku.
Babu. Fayau. Ko ƙura.

An ce ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya.
To ni furen nake sayarwa yau.
Na tattara duk abin da ke gabana,
har da kuɗin man da ban saya ba,
na tura tsakiya,
na kafa ido a kan kalandar bango,
ina ƙirga kwanakin Satumba.

Khoa ya dube ni.
Ba idona ya duba ba,
baƙin mai ya duba a ƙarƙashin farcena.
Firiza ta yi shiru.
Na ji miyau yana neman hanya a maƙogwarona,
na hana shi.

Ya daɗe. Ya daɗe ƙwarai.
Sannan ya kifa kartarsa, ya ture ta da bayan hannu.
Ka ci, ya ce. As ɗinka ya fi ƙarfina.

Na kwashe, ina jin kaina sarkin wayo,
na ce a raina, Kawu, ka gani?

Da aka watse, Ofelia ta miƙo mini tsumma.
Ina goge tebur, gwiwar hannuna ta ture tarin karta,
biyun da ke sama suka faɗi rigingine.
Na san su, gefensu da gishirin gyaɗa.
Tara da tara.
Da wadda ke tebur, uku ke nan.

Na tsaya da tsumma a hannu.
Ta taga na hango shi cikin ruwa, ba lema,
yana taka tabo zuwa tsohuwar motarsa.
Bai waiwayo ba.

Ashe tun ɗazu ana burga a teburin nan,
kuma ba ni ne gwanin ba.